Haƙorin Yakubu

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Sunana Rahila, ɗinki nake yi a nan Garuwa.

Da mahaifiyarmu ta rasu a Kaélé, ni na ɗauko ƙanena Yakubu. Gemu ya fito masa, amma hankalinsa na ƙaramin yaro ne, maganarsa ɗai-ɗai. Ba zan ɓoye muku ba, in baƙi sun zo, bayan ɗaki nake tura shi.

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Ngawundere, Yakubu ya daina cin abinci. Sai ihu da buga kai a bango. Na kai shi asibiti, likita ya ce, "Ina ke masa ciwo?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To Madam, ni me zan duba? Jama'a na jira."

Maƙwabta suka ce hauka ce. Na ɗaure shi a gindin mangwaro. Wanda muka sha nono ɗaya! Da hannuna!

Wata safiya ya kama bakin zanena, hawaye na zuba, ya ce, "Yaya." Nan na zube. Na ce, "Ubangiji, kai ka halicce shi, ka san abin da yake faɗa. Ka aiko mana mai ji."

Matar fastonmu ta raka mu wani ƙaramin asibitin mishan a hayin Binuwai. Malamar jinya, Saratu, ba ta tambaye ni komai ba. Ƙasa ta zauna kusa da shi, ta ba shi tocilanta ya yi wasa. Ta buɗe nata bakin, "Aaa." Ta yi ta yi, har ya buɗe nasa.

Haƙori ne, 'yan'uwa! Ruɓaɓɓen haƙori, dasashi cike da mugunya. Aka cire. Bayan kwana uku ya cinye malmalar tuwo biyu. Halleluya!

Da shekara ta zagayo aka mai da Malama Saratu kudu. Har yau ban sake samun irinta ba. Duk mai farar riga da Yakubu ya gani, sai ya je gabansa ya buɗe baki, amma a wuce shi. Kullum roƙona Allah ya ba mu inda za a zauna ƙasa tare da irin su Yakubu.

Na gode wa Ubangiji da ya warkar da shi, ya kuma gafarta mini. Ku dogara gare shi, yana jin wanda ba ya iya faɗa. Amin.