A Mayar Min da Giyata Yadda Take

A bencin jira na gareji wani dattijo ke ta huci, har mutumin da ke gefensa ya tambaye shi ko lafiya.

"Ina fa lafiya! Surukina na ara wa mota, ya je ya sa aka gajarta ƙarfen da ke ƙarƙashin sandar giya, aka canza robobin. Wa ya aike shi?"

"Ta lalace ke nan, Baba?"

"Ina! Yanzu ko da ɗan yatsa ka taɓa ta, shiga take."

"To ai gyara ya yi maka."

"Gyaran me? Da can sandar lilo take yi. Sai ka karkata ta hagu, ka ɗan jijjiga, sannan lamba biyu ta shiga. Duk gidan ni kaɗai na san hannunta. Mai zuwa asibiti, mai zuwa kasuwa, dole a jira ni. Bakanike zai mayar min da ita yadda take!"

"Wacce ce taka a cikin waɗannan?"

Dattijon ya kau da kai.

"Ba ta nan. Uwar yaran ta fita da ita tun safe. Ko cewa in zo mu je ba ta yi ba."