Ban-ruwa Daga Tashar Mota

A tashar Malam Madori da ke Haɗeja, Malam Ari, wani dattijo manomin fadama, ya gaji da kallon mutumin da ke gefensa yana ta latsa waya yana murmushi.

"Alhaji, albishir aka yi maka ne?"

"Ban-ruwa nake yi, Baba. Injin sola na sa wa tumatirina. Rana na fitowa yake tashi da kansa. Wata biyu rabona da gonar."

"Ikon Allah! Ashe mu da muke wuni cikin taɓo wahalar banza muke sha."

"Ku dai ba ku son ci gaba. Duba, yau ma ya zuba ruwa."

"Ya zuba kam. A ina gonar take?"

"Bayan gada, mai shuɗin tanki."

Malam Ari ya gyara zama.

"Ashe kai ne maƙwabcin nawa! Sati uku ke nan da bututunka ya ɓalle ya juyo gonata. Albasata ba ta taɓa kyau irin na bana ba."

"Sati uku! Kana gani, ba ka mayar ba?"

"Haba Alhaji, ina ni ina taɓa kayan zamani? In lalata maka?"