Ɗigon Shayi a Taswirar Hedley Garbutt

Rabaran, shugabar ƙungiyarmu ta masu bin diddigin asali, Noreen uwargidan marigayi, 'ya'yansa Keith da Glenda, sai sauran jama'a har da na baya can da suka zo don shayi, barkanmu da haƙuri.

Ni ne Len Tordoff. An zaɓe ni don duk ƙauyen Thornby babu mai bakina. Takardar nan da hannuna na rubuta ta, kuma duk duniya ni kaɗai ke iya karanta ta, shi ma sai na yi sa'a.

Hedley ya kasance mutum mai tambaya. Shekara talatin yana zaune a ɗakin bayan laburare ran Talata, kyauta, da akwatunan katinsa na bayanan asalin mutane. Ya kasance in ka faɗi sunan ƙauye, zai gaya maka tsohuwar gundumarsa da cocin da ke riƙe da littafin haihuwa da mutuwar mutanensa kafin ka cire hula. Mu nan da yawa shi ya nemo mana kakanni, har da waɗanda da ma an bar su a ɓoye.

Innata Ivy ba ta san uwarta ba. Wajen haihuwarta uwar ta rasu a gonar Coldwell, aka miƙa jaririya ga gwaggo, uban ya shiga duniya. Da Inna ta kai tamanin da takwas sai ta ce, "Len, kusa da uwata nake so a sa ni." Na ce an gama, ai kin haifi gwani. Shekara biyu ina duba maƙabartar Thornby dutse bayan dutse, na dami Rabaran da littafin binne mutane. Babu ita. Inna kuma tana ta ramewa.

Na je wa Hedley ba da son raina ba. Na ce, "Tsoho, na riga na duba komai, na zo ne ka tabbatar."

Ya ce, "Zauna, sarkin surutu. Wa ya ce maka Coldwell ta Thornby ce?"

Na ce, "Daga ƙofar gonar ana ganin hasumiyar cocin."

Ya ce, "Ni ma daga tagata ina ganin mashaya, amma ba can nake kwana ba."

Noreen, ki shaide shi, ya yi ƙoƙari.

Ya shimfiɗa tsohuwar taswira mai launi, kowace gunduma da nata. Tsakiyar korenmu na Thornby ga wani ɗigo ruwan ƙasa. Na lashi yatsa zan goge, na ɗauka shayi ne ya zuba. Ya buge mini hannu. Ashe ɗigon nan shi ne Coldwell. Gona ɗaya tak, kewaye da ƙasar Thornby, amma ta cocin Askwell ce, mil tara daga nan, a wata gunduma daban. Mutanen gonar sukan wuce cocinmu da gawarsu, su haura tudu, su kai ta can.

Da motata muka je Askwell, ni ke tuƙi, kun san tuƙina. Shi ya gano sunan a littafi, ni na gano dutsen a ƙarƙashin ƙaya, a rubuta wannan. Da muka kai Inna, ta dafa dutsen ta ce, "Ashe nan kike." Bara muka kwantar da ita a gefenta.

Keith, Glenda, babanku bai bar abin nan ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne, wa ya ba cocin Askwell gona a cikin ƙasarmu, kuma don me? Na je duba shi a asibiti, numfashi da ƙyar, ya ce, "Len, ka gano?" Na ce saura kaɗan. Ƙarya nake, ban ma fara ba. Ya yi murmushi, ya san ni.

To Noreen ta ba ni akwatin katin Coldwell. Ran Talata ina kan kujerarsa. Duk mai iya karanta rubutun mutanen da, ya zo ya zauna kusa da ni, zan ba shi izinin taya ni.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya ba iyali haƙuri, ya ba Hedley hutawa. Ya kai shi inda za a amsa masa tambayar nan, mu kuma ya ba mu ikon gano ta a nan ƙasa, don kada in same shi can hannu rabbana. Amin.