Muryar da Ƙaramar Waya Ba Ta Ɗauka

Jawabin Benjamin Ɗangana a taron tunawa da marigayi Fa'izu Hammadu, mai haɗa sauti, wanda anka yi a Yelwa

Salama gare ku baki ɗaya. Wakilin Hakimi, ranka shi daɗe. Sarkin Ruwa, Allah shi ja zamaninka. Liman, Allah shi gafarta Malam. Fastonmu da dattawan da sunka sauko daga kan tudu. Shugabannin masu jiragen ruwa na Yelwa da Wara, da 'yan'uwana mawaƙa da makaɗa. Inna Marka, mahaifiyar Fa'izu, wadda ni ma da tuwonta na girma. Asma'u, matar Fa'izu. Sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana da bakin kowa, don ni na fi daɗewa tare da shi. Zan yi, amma ku yi mini uzuri. Tun ranar da zazzaɓin nan ya tafi da shi ban yi kuka ba, ban kuma yi dariya ba. Ina ci, ina barci, ina buɗe situdiyo in zauna. In kun ji muryata ba ta rawa, ba ƙarfin hali ba ne. Abin ne har yanzu bai iso ni ba.

Dattawa da yawa suna ce mai yaron nan mai waƙa. Fa'izu ba mawaƙi ba ne. Ya kasance mai haɗa sauti. Mu rera, mu kaɗa, ni in buga piyano, shi kuwa ya zauna gaban kwamfuta a ɗakin da Inna ta ba shi kusa da zaure, yana daidaita mu, kada ganga ta danne murya, kada murya ta danne amshi.

Ya kasance mutumin da bai taɓa yarda da ɗakinsa ba. Yakan ce ɗakin nan maƙaryaci ne, komi ka kunna a cikinsa daɗi gare shi, kuma ba mai sauraren waƙa a can sai mu. Mutanenmu a ƙaramar waya suke ji, ko a cikin jirgi inji na ruri, ko daga amsa-kuwwar kasuwa. Don haka idan munka gama aiki muna murna, shi lokacin nasa ya fara. Sai ya zuba waƙar a memori ya fita yawon gwaji. Madafin Inna ne zangon farko: ya ɗora mata waya kan turmi tana suyar kifi, in ba ta iya maimaita baitin ba, to waƙa ba ta yi ba. Daga nan akwatin kiɗan mai cajin waya a tasha, daga nan motar haya, daga nan jirgin Malam Sani mai zuwa Wara, kuma kusa da inji yake zama. Ya dawo ya taɓa abu guda ɗaya tak, ya sake fita. Mun yi fushi da shi ba sau ɗaya ba. Akwai angon da sai ranar suna ya karɓi waƙar bikinsa. Yana nan zaune cikinmu, ba zan nuna shi ba.

Ya kasance mai yi wa kowa aiki da kunne ɗaya. Ƙasidar 'yan Islamiyya da waƙar mawaƙan coci, duk madafin Inna sunka bi, duk jirgin Malam Sani sunka hau. Da Sarkin Ruwa ya nemi a yi waƙar da za ta tunatar da matafiya su sa rigar ceto, Fa'izu ya ce waƙar da inji zai cinye ba ta ceton kowa. Ya rage ganga har makaɗinmu ya daina gaishe shi. Amma yau wanda ke zaune a goshin jirgi da wanda ke gindin inji, kalma ɗaya ba ta wuce su. Masu jirgi, ku ne shaida.

A cikin waƙar nan ne abin da nake son in faɗa muku yake. Ranar ɗauka muna bukatar murya mai kauri a ƙarƙashin amshin mata, wanda zai yi bai zo ba, sai Fa'izu ya tashi ya yi da kansa. Kun san muryarsa, kamar daga cikin randa take fitowa. Ita ke nan muryarsa da ta rage mana a duniya, don mutum ne da ko saƙon murya ba ya turawa, sai dai ya kira ka. Ya kuma aje ta can ƙasa. A ɗaki, da manyan lasifikoki, har a ƙirji kake jin ta. A waya kuwa babu ita sam, don ƙaramar lasifika ba ta ɗaukar kauri. Na nuna mai, ya ce waƙa ba ta rasa komi ba. Ya ce, "Ba ni anka zo ji ba."

Duk tsawon takaba, Asma'u takan shiga ɗakin nan ta kunna manyan lasifikokin ta zauna. Yanzu ta fita takaba, gobe za ta koma gidan iyayenta a Shanga. Ɗaki ba ya bin mutum. Abin da za ta tafi da shi waya ce, irin wadda ba ta ɗaukar muryar mijinta. Ta aiko Inna ta ce mini in fiddo mata shi a waya.

Na yi abin da kowa zai yi, na ɗaga shi a cikin waƙar. A ɗaki ya yi kyau, a waya sai zuu kamar ƙuda a kwalba. Na sake zama, na rage mai kauri, na ƙara ɗaga shi, ya fito sarai. Na bi da shi tasha, na bi da shi jirgi, ko'ina ana jin shi. Na kai mata. Ta saurara daga bayan labule, ta miƙo wayar. Ta ce, "Wanga ba shi na ba. Fa'izu bai taɓa ɗaga murya bisa ta kowa ba."

Na koma na zauna gaban kwamfuta, ba tunani nake ba, kallo kawai. Can sai na tuna hannunsa. Idan murya ta ɓace mai a waƙa, ba ita yake fara taɓawa ba, maƙwabtanta yake lallaɓawa su matsa mata. Sai na mayar da shi kusa da inda ya aje kansa, na bar mai ɗan kaifin da waya za ta iya riƙewa. Na rage ganga kaɗan. Na sassauta amshi kaɗan. Da na bi a hankali, sai na tarar abin da ya fi rufe shi piyanona ne, hannuna na hagu mai buga kauri. Na cire shi gaba ɗaya.

Na fara da madafi, yadda ya saba. Na ɗora waya kan turmi. Inna ta sauke kasko daga wuta ta zauna. Yau da safe na kai wa Asma'u. Ta kara wayar a kunne ta daɗe. Sannan ta ce, "Ga shi nan, bayan matan, inda ya saba tsayawa."

Asma'u, abin da munka iya ke nan. Ba mu da ikon mayar miki da shi, amma ba za ki haye zuwa Shanga hannu wofi ba. Inna, ɗakin nan ba za a rufe shi ba, kuma ki yi haƙuri da mu, ba waƙar da za ta fita sai ta bi ta madafinki. Mawaƙa, wanda duk ya gaji da yawon gwaji, ya tuna wanda ya koya mana shi.

Mun gode wa shugabanni da sunka bar ayyukansu sunka zo. Mun gode wa masu jirgi da sunka ɗauko mutane tun daga Ngaski. Mun gode wa matan da sunka yi girki. Allah shi jiƙan Fa'izu, shi gafarta mai, shi yalwata makwancinsa. Yadda ya matsa wa kowa wuri don a ji shi, Allah shi yi mai wuri cikin rahamarsa. Allah shi ba Inna da Asma'u haƙuri, shi mai da kowa gida lafiya. Amin.

Asma'u ta roƙi a kunna waƙar a nan, amma ba da kayan sautin taro ba, da wayarta. Don Allah a kashe janareta, a kashe manyan lasifikoki, na baya ku matso. Ni na saurare ta a tasha, na saurare ta a jirgi, ko'ina kuskure nake nema. Yanzu ne zan fara jin ta ba don aiki ba, don haka ku ba ni kujera in zauna.