Abin da Na Gani a Tumbin Bijimin Yayana

Mai girma shugaban taro, likitan dabbobi da ke tare da mu, shugabannin ƙungiyar masu kiwo, dattawa iyayenmu maza da mata, da sauran jama'ar da suka cika wannan zaure, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba mahauci damar magana a taron makiyaya. Ku bayan sa kuke gani, ni kuwa cikinsa nake buɗewa, don haka a kan ciki zan yi magana.

Na farko, ƙarin abinci yana da amfani, kada wani ya fita ya ce mahauci ya hana. Idan rani ya yi, ciyawa ta bushe, sa yana wuni a kiwo, ciki ya cika, jiki kuma ya rame. Likita ya yi mana bayani ɗazu cewa a cikin tumbi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa. Ɗan ƙuli-ƙulin 'ya'yan auduga, ɗan dusa, ɗan gishirin lasa, su ke ba su ƙarfin aiki. Bijimin da aka yi wa haka, tumbinsa kauri gare shi, ƙanshin ciyawa yake yi.

Na biyu, hatsi mai yawa a lokaci guda yana tsamar da ciki. Halittun nan su mutu, tuƙa ta tsaya, ciki ya kumbura, sa ya tsaya kai a ƙasa yana nishi. Daga nan ni ake aika wa.

Watan jiya daga gidan yayana aka aiko. Ya ajiye aikin tuƙin mota, ya zuba abin da ya tara a bijimai biyu, kuma yana auna musu dusa daidai yadda aka koya masa. Na tarar da babban a kwance kusa da kwamin abinci, ciki kamar ganga. Yaya ya ce, "Yanka shi kafin ya zama mushe." Na yanka. Da na buɗe tumbi, tsami ya bugi hancina, masara zalla, fatar ciki tana saɓulewa a hannuna.

Na tambayi wanda ya ba shi masara. Matar yayana ta ce, "Ni dai kwano ɗaya nake zuba masa, don kallona yake yi in zan wuce." Mahaifiyarmu ta ce, "To ni sai in ji yana kuka in toshe kunne? Ɗan abin da nake ba shi bai kai ya kawo ba." Kowa ya ba shi, kowa don tausayi, kuma babu wanda ya gaya wa wani.

Saboda haka, na uku, hannu ɗaya ya riƙa zuba abinci a gida. Ciyawa ta fara shiga kafin hatsi. Sabon abinci a fara kaɗan kaɗan. Ruwa kada ya yanke. Kullum a duba ko sa yana tuƙa.

Yayana yana zaune can baya, tun ranar bai yi mini doguwar magana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Jiya na biya gidansa don gaida Iya, na ga ƙaramin bijimin, na kuma ga kwanon masara a ɓoye bayan ƙofar ɗakinta. Ni ba ni da bakin da zan hana uwata. Yaya, ƙaramin nan kaɗai ya rage maka, kuma ba na son wuƙata ta sake shiga gidanka.

Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya ba dabbobinmu lafiya, ya ba mu tausayi mai ma'auni, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.