Ba Ƙanana, Ba Manya

A rumfar jiran jirgin ruwan tsibirin Male, tsoho Maniku masunci ya zauna kusa da wani matashi mai farar riga, ƙafa ba takalmi. Haka matuƙan jirgin saman da ke sauka kan ruwa suke yawo.

"Ɗan nan, kai ke sauke mana Turawa a bakin tsibiri?"

"Ni ne, Baba. Amma masana sun auna, ba ma ɓata komai."

"Sun tambayi kifin? A nan muke kama ƙanana, mu watsa su cikin teku da ransu, manya su taso. Tunda kuka fara dira, ƙananan suka gudu. Ba ƙanana, ba manya."

"Ai mun kawo aiki."

"Kun kawo. Mutum goma nake fita da su, yanzu duk suna dakon akwatunan baƙi."

Matashin ya yi dariya. "Mitar babana sak. Shi ma masunci ne."

"Yana fita har yanzu?"

Dariyar ta tsaya. "Ya sayar da jirgin kamun kifinsa. An fente shi, ana kai baƙi kallon faɗuwar rana."

Maniku ya daɗe yana kallon ruwan.

"Wanda ya saya ɗin, yana neman wani jirgin?"