An Bar Habu, An Rubuta Ɗan Mai Raƙuma

Salamu alaikum malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Hadiza matar tela, daga Dakoro.

Shekara shida ke nan da gardin kumandan, wato dogarin hukuma, ya zo kamun yaran lakwal, makarantar boko ke nan. Maƙwabcinmu mai raƙuma ya ɓoye ɗansa cikin rumbu. Babanmu ba shi da ko akuyar da zai bayar a kau da kai, aka tafi da ƙanena Habu, inna tana kuka. Sai ga Habu ya fi kowa kai. Da maƙwabcin ya ji masu lakwal na samun aikin biro, wato ofis, da kansa ya kai ɗansa.

Bana aka ce yaro guda za a tura babbar makaranta. Mushe, malaminsu, ya ce Habu ne, amma sai da akwati da takalma da bargo. Ba mu da su. Aka rubuta ɗan mai raƙuma.

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, gona ta samu hannu." A littattafan labarin da nake karantawa, mai ƙoƙari ke yin nasara, shi ya sa na rasa gane wannan. Malam, in sayar da kwanonin ɗakina, ko an riga an rufe takardar sunayen?